Charles Darwin da Tsibiran Kunkuru

Cikin shekara 73 da Charles Darwin ya yi a duniya, mako biyar kacal ya yi a tsibiran Galapagos, a cikinsu ma kwanakin da ya taka ƙasa ba su cika 20 ba. Duk da haka ba a ambaton sunansa sai an ambaci waɗannan tsibirai, har ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa can ya tsaya ya dubi bakunan tsuntsaye, nan take ilimin da ya yi suna a kansa ya faɗo masa. Takardun da ya bari kuwa wani abu dabam suka nuna. Ya baro tsibiran bai san darajar abin da ya gani ba, har wani sashe na shaidar da zai nema daga baya a tukunyar jirgi ya ƙare.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Darwin a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila ran 12 ga Fabrairu, 1809. Mahaifinsa, Robert Darwin, likita ne mai dukiya. Mahaifiyarsa, Susannah, 'yar gidan Wedgwood ce, watau mashahuran masu masana'antar tangaran. Ta rasu a 1817 yana da shekara takwas. A makaranta bai yi wani fice ba, domin hankalinsa yana wajen harbin tsuntsaye da tara duwatsu da ƙwari.

A 1825 uban ya tura shi Jami'ar Edinbara ya koyi likitanci. A zamanin nan ba a sa wa majiyyaci maganin barci kafin a yi masa fiɗa, saboda haka da Darwin ya halarci aiki sau biyu, ɗaya a kan wani yaro, sai ya fice da gudu bai sake komawa ba. Abin da ya tsira da shi daga Edinbara a wajen wani baƙar fata ya samo shi, mai suna John Edmonstone, 'yantaccen bawa daga Giyana, wanda ya koya masa yadda ake feɗe tsuntsu a gyara fatar a cusa ta, ta daɗe ba ta lalace ba. Ba don wannan sana'a ba, da tsuntsayen Galapagos ba su iso Landan a halin da za a iya nazarinsu ba.

Da likitanci ya faskara, sai aka mai da shi Jami'ar Kambirij a 1828 da nufin ya zama limamin coci a wani ƙauye. Can ya shaƙu da malamin ilimin tsirrai, John Henslow. Ya gama a 1831, kuma cikin watan Agusta na wannan shekara Henslow ya aiko masa da wasiƙar da ta sauya rayuwarsa.

Jirgin Beagle

Rundunar ruwa ta Ingila tana shirin aika wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, sunansa Beagle, ya auna gaɓar tekun Amurka ta Kudu ya zana taswira. Kyaftin ɗinsa, Robert FitzRoy, saurayi ne ɗan shekara 26, ɗan manyan gida, mai ƙwazo da saurin fushi. Kyaftin ɗin da ya gada ya harbe kansa saboda kaɗaici da ƙuncin aikin, kawunsa ma ya kashe kansa a 1822, don haka FitzRoy yana tsoron abin da zaman kaɗaici zai jawo masa. Ya nemi a samo masa mai ilimin halittu, ɗan mutunci, wanda za su riƙa cin abinci tare. Uban Darwin ya ƙi, yana ganin wannan yawon banza ne, sai da kawunsa Josiah Wedgwood ya sa baki. Ba albashi a tafiyar, uban ne ya ɗauki nauyinta.

Suka tashi daga Plymouth ran 27 ga Disamba, 1831. An yi zaton shekara biyu, sai ga shi ta kusa biyar. Tsawon jirgin ƙafa 90 ne, mutanen ciki kuwa sun haura 70. Darwin a ragar lilo yake kwana bisa teburin taswira, kuma tashin zuciya na teku bai sake shi ba tun daga farko har ƙarshe. Wannan ne ma ya sa duk inda aka tsaya yakan sauka ya yi makonni a tudu.

FitzRoy ya ba shi kyautar littafin Charles Lyell a kan ilimin duwatsu, wanda ke koyar da cewa ƙananan canje-canje ne cikin dogon zamani suka gina tsaunuka da kwaruruka. Darwin ya ga alamar haka da idonsa. A tsibirin Santiyago na Kef Bade ya ga layin bawon dabbobin teku can sama a jikin dutse. A Ajantina ya tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare. A Cile, cikin Fabrairun 1835, girgizar ƙasa ta same shi, ya kuma ga yadda ta ɗaga gaɓar teku sama da inda take. A Barazil kuwa saura kaɗan zamansa da kyaftin ya watse. FitzRoy ya ba da labarin wani mai bayi da ya tara bayinsa ya tambaye su ko suna son 'yanci, suka ce ba sa so. Darwin ya tambaya ko amsar bawa a gaban ubangijinsa abin dogaro ce. Kyaftin ya harzuƙa ya kore shi daga teburinsa, bayan 'yan sa'o'i ya huce ya aiko da ban haƙuri.

Mako biyar a Galapagos

Beagle ta isa Galapagos ran 15 ga Satumba, 1835. Tsibiran suna tekun Pasifik, wajen mil 600 yamma da Ekwado, a kan layin da ya raba duniya biyu. Aman wutar duwatsu ne ya fito da su daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da babban yanki ba, saboda haka duk wani mai rai da ke kansu, ko iska ce ta kawo kakanninsa ko ruwa. Sunan ma daga wata kalmar Sifaniyanci ne mai nufin kunkuru. Masu farautar kifin wel sun daɗe suna kwasar waɗannan kunkuraye suna jibgewa a cikin jirage, domin sukan yi watanni ba ci ba sha ba su mutu ba, nama ke nan wanda ba ya ruɓewa.

Duwatsu ne suka fi ɗaukar hankalin Darwin. A tsibirin farko, Chatham, wanda yanzu ake kira San Cristobal, ya tarar da baƙin dutse mai kaifi da busassun itatuwa, daga kan wani tudu kuma ya ƙirga ƙananan bakunan aman wuta 60. Dabbobin kuwa ba su san tsoron mutum ba. Da bakin bindiga ya ture wani shaho daga kan reshe. Ya hau bayan kunkuru, ya kuma auna tafiyarsa ya ga yadi 60 yake ci cikin minti goma. Akwai wani baƙin ƙadangare mai girman damo, iguwana, wanda ke shiga teku kiwo. Darwin ya buɗe cikin wasu ya ga ciyawar teku. Ya kama ɗaya ya yi ta jefa shi cikin ruwa, kowane karo sai ya juyo ya dawo wurin da aka jefo shi. A tsibirin James, inda ya yi kwana tara a tanti, ramukan iguwanar tudu sun yi yawan da da ƙyar suka sami wurin kafa tantin.

A tsibirin Charles akwai ƙauyen mutum 200 zuwa 300, yawancinsu waɗanda gwamnatin Ekwado ta kora saboda siyasa. Mai kula da su, Nicholas Lawson, ya gaya wa Darwin cewa da ganin ƙoƙon bayan kunkuru yana iya faɗin tsibirin da ya fito. Wannan magana ita ce mabuɗin al'amarin duka, amma Darwin ya ji ta kamar hirar cin abinci. Bai yi zaton tsibiran da ke hangen juna, dutsensu ɗaya, iskarsu ɗaya, za su bambanta a halittu ba. Jirgin ya ɗauki manyan kunkuraye wajen 30 don guzuri, aka cinye su a hanyar Tahiti, aka watsar da ƙoƙunan a teku, Darwin yana cikin masu ci.

Haka ya yi sakaci da ƙananan tsuntsayen nan masu kama da gwara da Turawa ke kira finci. Bambancin bakunansu ya ruɗe shi, ya ɗauka dangi dabam-dabam ne, ya haɗa su wuri ɗaya bai rubuta tsibirin kowanne ba. Wurin da idonsa ya yi aiki sosai shi ne kan tsuntsu mai kwaikwayon kukan wasu. Ya lura na tsibirin Charles ya saɓa da na Chatham, daga nan ya riƙa rubuta inda ya harbo kowanne. Sai a hanyar komawa gida, cikin 1836, ya rubuta a takardunsa cewa in wannan bambanci ya tabbata, zai girgiza ra'ayin da ake kai na cewa jinsin halitta ba ya canzawa.

Abin da aka gano a Landan

Beagle ta iso Ingila ran 2 ga Oktoba, 1836. A farkon 1837 Darwin ya miƙa tsuntsayensa, masanin tsuntsaye John Gould ya duba su. Ashe waɗannan ƙanana duk dangi ɗaya ne, jinsi 13, babu irinsu ko'ina a duniya, masu kwaikwayon nan kuma jinsi uku ne, ba su haɗa tsibiri ba.  Dole ya bi abokan tafiyarsa yana aron tsuntsayensu, har da na baransa Syms Covington da na FitzRoy kansa, waɗanda suka rubuta tsibirin kowane tsuntsu yadda ya kamata. Lalle abin lura ne cewa tsare-tsaren kyaftin ne suka gyara sakacin masanin.

Cikin Yulin 1837 ya buɗe littafin rubutu a kan sauyawar jinsi, a 1838 kuma, bayan ya karanta littafin Thomas Malthus a kan yawan jama'a da ƙarancin abinci, ya sami bakin zaren. Ga yadda ya tsara abin. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai, kuma waɗanda ake haifa sun fi waɗanda abinci zai ɗauka. In fari ya zo, ƙwaya mai laushi ta ƙare, tsuntsun da bakinsa ya ɗan fi kauri shi zai fasa mai tauri ya rayu ya haifi irinsa. In teku ta raba tsibiri da tsibiri, aka yi dubban shekaru a haka, sai zuriyar kaka ɗaya ta rabu. Ya kwatanta wannan da mai kiwon tattabaru da ke zaɓen waɗanda zai haɗa, sai dai a nan yanayin wuri ne ke zaɓen.

Ya auri Emma Wedgwood, 'yar kawunsa, a 1839, suka koma ƙauyen Downe a 1842. Emma mace ce mai riƙo da addininta, ta kuma gaya masa damuwarta a kan inda tunaninsa ya nufa. A 1844 ya rubuta ra'ayin nasa cikin shafi sama da 200, ya ajiye, ya bar mata wasiyyar a buga in ya mutu. Daga nan ya yi shekara takwas yana nazarin ƙananan halittun teku masu bawo da ke manne wa duwatsu. Ciwon ciki da amai sun addabe shi, 'yarsa Annie kuma ta rasu a 1851 tana da shekara goma. Masana tarihi sun rabu a kan ko tsoro ne ya jinkirta shi ko neman ƙarin hujja. Wanda ya san ya taɓa zubar da shaida a teku dai ba zai so ya sake gaggawa ba.

A Yunin 1858 wasiƙa ta iso daga Alfred Wallace, wani mai tara halittu a tsibiran Indunisiya, ɗauke da ra'ayi iri ɗaya da nasa. Aka karanta takardun su biyu a wani taron masana a Landan ran 1 ga Yuli, Darwin bai halarta ba saboda rasuwar ɗan autansa cikin makon. Ran 24 ga Nuwamba, 1859, littafinsa On the Origin of Species ya fito, kwafi 1,250. Tattabaru sun sami wuri babba a cikinsa, tsuntsayen finci kuwa bai kafa hujja da su ba. Littafin David Lack na 1947 ne ya ɗaure sunansu da nasa a bakin jama'a.

Littafin ya tayar da ƙura. Malaman coci da yawa sun ƙi shi, wasu sun karɓa, kuma har yau mabiya addinai da dama ba su yarda da shi ba, musamman abin da ya shafi asalin ɗan Adam, wanda Darwin ya yi wa littafi dabam a 1871. Cikin waɗanda abin ya fi yi wa ciwo akwai FitzRoy. A taron Okusfod na 1860 ya miƙe da Baibul a hannu yana nuna baƙin cikinsa, ga shi kuwa jirginsa ne ya kai marubucin, teburinsa ne ya ciyar da shi. FitzRoy shi ne ya fara fitar da hasashen yanayi a jaridun Ingila a 1861, don ceton masunta da matuƙa. A 1865 abin da ya ji tsoro tun yana saurayi ya same shi, ya kashe kansa.

Darwin bai sake barin Birtaniya ba tun dawowar Beagle. Littafinsa na ƙarshe, na 1881, a kan tana ne da yadda take juya ƙasar gona. Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a cocin Westminster kusa da Isaac Newton.

Tsibiran kuwa, Ekwado ta mai da mafi yawansu gandun da aka keɓe a 1959, masu yawon buɗe ido suna zagaya su cikin ƙananan jirage tare da jagora mai izini. Ba duk abin da Darwin ya gani suke tararwa ba. Tsuntsu mai kwaikwayo na tsibirin Charles ya ƙare a can, sai a wasu 'yan tsibirai biyu na kusa. Iguwanar tudu da ta hana shi wurin kafa tanti a James ta ɓace bayan aladu da awakin da mutane suka saki sun mamaye tsibirin, sai a 2019 aka kwaso sama da 1,400 daga wani tsibiri aka sake su a can.