Ambaton Waziri Giɗaɗo, mai tara karamomin Shehu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, ina nufin in ambata maka Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, Allah shi jiƙan shi, domin ka san abin da malamai ke nufi da manaƙibi. Manaƙibi shi ne rubuta halayen bayin Allah na ƙwarai da karamominsu, don zuciyar da ta yi sanyi ta ƙarfafa, almajiri kuwa shi ga hanya ga wanda ya riga shi binta. Magabata sun yi shi tun dauri, kamar Abu Nu'aimu cikin Hilyatul Auliya da Sha'arani cikin Ɗabaƙat.

Giɗaɗo almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, abokin Muhammadu Bello ne tun ƙuruciya. Ya auri Nana Asma'u ɗiyar Shehu. Da Shehu ya yi wafati cikin shekara ta 1232, wato 1817, anka yi wa Bello mubaya'a, shi ne wazirinsa, shina tafiya da saƙo zuwa ƙasashen gabas. Haka har Bello ya cika a Wurno cikin 1837.

Daga baya ya janye daga hidimar sarauta, ya zamna ga tawada da alƙalami. Waɗanda sunka ga Shehu da ido suna ƙarewa ɗaya ɗaya, labari kuwa in ya rasa shaidu sai ƙari shi shige shi. Ya rubuta Alkashfu wal Bayan bisa halayen Bello. Littafinsa da ya fi shahara shi ne Raulul Jinan, bisa karamomin Shehu.

To ga abin da nike so ka lura. Cikin Raulul Jinan bai tsaya ga abubuwan mamaki kaɗai ba. Ya jera sunayen mutanen da ke kewaye da Shehu, limamai da ladanai da marubuta da masu hidima, da matansa da ɗiyansa. Ni a wurina wannan jeri ya fi komi nauyi cikin littafin. Wanda ya kira sunan ladan ya kafa shaida, ko jikokin ladan suna iya ƙaryata shi in ya ƙara. Yau kuwa sai ka ji mai wa'azi shina ba da karamar waliyyi, ka tambaye shi wa ya gani, wa ya ruwaito, shi yi fushi, shi ce ba ka son waliyyai. Wanga ba tafarkin Giɗaɗo ba ne.

Asma'u ta ɗauki tarihin nan ta sa shi cikin waƙa da Fulatanci, don mata da waɗanda ba su jin Larabci su samu rabo. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji waziranci, alƙalami kuma ya zamna gidan har zamanin Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997. Giɗaɗo ya yi wafati cikin 1851.

Allah shi amfane mu da albarkarsu. Amin. Tammat.