Marigayi Shaihun Malami Abdullahi Smith

Shi dai mutumin Ingila ne, an haife shi cikin 1920. Ya koyar a Sudan, sa'an nan a Badun. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin 1962, sai aka danƙa masa sashen Tarihi. Ya duƙufa ga neman littattafan Shehu da Abdullahi da Bello. Akan aro su daga hannun malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su, don kada gara ko gobara ta tafi da su. Yana cikin wannan aiki Allah ya nufe shi da shiriya, ya musulunta cikin 1967. Cikin almajiransa har da Dokta Bala Usman. Ya rasu cikin 1984, Allah ya jiƙansa.