Sarkin Gwari Abdu: Daga Fadar Daura Zuwa Saran Daji a Yekuwa

 A filinmu na tarihin magabata, yau za mu bi sawun Sarkin Daura Abdu, wanda aka fi sani da Sarkin Gwari Abdu. Wajen shekara 200 ke nan da rasuwarsa, amma har gobe gidaje da dama a yankin nan, in ka tambaye su asali, Daura za su nuna maka. To, babbar tasowar da aka fi tunawa daga Daura zuwa arewa, a zamanin wannan bawan Allah aka yi ta.

Mu fara da inda ake samun sunansa. Fadar Daura tana da jerin sarakunanta da ake kira girgam. Yana farawa da magajiyoyi, matan da suka riƙi ƙasar har zuwa Daurama, sannan labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, sannan Bawo da sarakuna maza ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen jerin sarakunan da suka yi mulki kafin jihadi, sunaye uku ne ke biye da juna: Tsoho, Jiro, sai Sarkin Gwari Abdu. Shi ne ke kan gado lokacin da duniya ta juya wa sarakunan Hausa baya.

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da Gobir, wutar kuma ba ta tsaya a can ba. Malam Isiyaku ne ya karɓo tutar Daura, kuma wajen 1805 birnin ya faɗa hannunsa. Abdu ya fita da iyalinsa da sarakunan fada da talakawan da suka zaɓi binsa. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. A 1807 Sarkin Kano Alwali ya rasa ransa a Burumburum. Gidan sarautar Katsina ya watse, waɗanda suka tsira suka fake a Damagaram kafin su kafa Maraɗi. Makau na Zazzau ya yi kudu, zuriyar gidansu ta kafa Abuja, wadda yau ake kira Suleja. A 1808 Alkalawa ta faɗi, haka ma Birnin Gazargamu na Barno. Kun ga ke nan, duk inda mai gudun hijira zai nufa a shekarun nan, ƙasa rawa take.

Abdu ya kwashe shekaru yana canjin mazauni. Ruwayar gidan ta ce ya yi zama a Mirya, cikin ƙasar Sosebaki, wato dangin sarautar da ta haɗa Mirya da Washa da Dungas, wadda a lokacin take bin Barno. Daga baya ya matso kudu ya kafa zama a Yekuwa, nan maƙwabtanmu, inda Daura ba ta da nisa ga mai doki. Dalilin zaɓen wurin ba ɓoyayye ba ne: wanda ke fatan komawa gida ba ya yin nesa da ƙofar gida.

Sai dai fata ba ta cika rumbu. Sarkin da ya bar birninsa ya bar gonakin gandu da rumbuna da kasuwa da harajin ƙauyuka. Jama'ar da ta biyo shi kuwa sai ta ci. Saboda haka zaman irin waɗannan garuruwa na bakin daji da gatari yake farawa. A nemi inda ruwa yake kusa a gina rijiya. A yi sassabe da rani, a ƙone, a jira ruwan fari a shuka gero da dawa, a sa wake a tsakani. A kewaye gari da kafi saboda mahara, don manomin lokacin da fartanya a kafaɗa yake fita, kwari da baka a kusa. Wanda ya fara saran wuri, shi da zuriyarsa ke da gonar. In baƙo ya zo daga baya, wajen mai gari zai je a yanka masa daji ko a ba shi aro. Wannan doka ita ce tushen yawancin gonakin gado da muke nomawa yau, kuma ita ce ke tashi duk ranar da rikicin iyakar gona ya kai gaban hakimi: sai an koma ga tambayar kakan wa ya sari wurin.

Abdu bai sake hawa gadon Daura ba. Allah ya yi masa rasuwa a gudun hijira wajen 1825. Abin da ya bari shi ne abin da ya hana sunansa ɓacewa: bai bar sarautar ta mutu a hanya ba. Ya riƙe sunan Sarkin Daura a wajen birnin Daura, da fadawansa da masu sarautarsa, har ya miƙa wa na baya.

Daga nan ne bin salsala yake daɗi, don sunaye suna kama hannun juna. Bayan Abdu, Lukudi ɗan Tsoho ya ɗauki sarautar, ya zauna a Yardaje. Bayan Lukudi sai ɗansa Nuhu, gidan kuma ya kafu a Zango. Wani reshen ya zauna a Baure. Na uku ya zauna a Magariya, inda sunan Masallaci ya fi tsayawa a bakin mutane. Gida ɗaya ya zama uku, kowane da sarkinsa, wani lokaci har da zaman doya da manja a tsakaninsu. Da Damagaram ta yi ƙarfi, musamman zamanin Tanimun ɗan Sulaimanu wanda ya rasu a 1884, waɗannan garuruwa suka koma ƙarƙashin inuwarta, suna kai gaisuwa Zindar, ita kuma tana tsaya musu.

Sai Turawa suka zo da taswira. Ingila da Faransa sun yi ta yarjejeniya a kan iyakar nan, a 1890, a 1898, a 1904, da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Layin ya ratsa tsakiyar gidan Abdu. Yekuwa da Magariya suka faɗo ɓangaren Faransa, Yardaje da Zango da Baure suka faɗa na Ingila. A 1906 ɗin nan kuma Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa ɗan Nuhu daga Zango suka zaunar da shi a fadar Daura. Ku lissafa: daga 1805 zuwa 1906, shekara ɗari da ɗaya. Abin da Abdu ya rasu yana jira, jikan Lukudi ne ya gan shi. Bayan Musa, ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Sarkin Daura Faruk Umar Faruk. Wato gidan da ke kan gadon Daura yanzu, ta ƙasarmu ya bi kafin ya koma.

Labarin bai tsaya a bakin maroƙa kaɗai ba, an rubuta shi. A cikin ayarin Tilho akwai wani tafinta mai suna Landeroin, mai jin Hausa, wanda ya tattara tarihin masarautun yankin daga bakin dattawa, aka buga a 1911. Wani masani, M. G. Smith, ya fitar da littafi sukutum a kan sarautar Daura da Zango da Baure a 1978. Wani Ba'amurke kuma, William Miles, ya zauna a Yardaje da Yekuwa yana duba yadda iyaka ta raba garuruwa biyu masu asali ɗaya, ya buga littafinsa a 1994. Su duka wajen tsofaffinmu suka durƙusa suka samo abin da suka rubuta.

To, yaya talaka zai bi tasa salsalar, shi da ba shi da girgam? Hanyar ɗaya ce da ta sarakuna. Ana farawa daga abin da aka tabbatar, a yi baya. Mu ɗauki misalin da ke sama: mun san shekarar da Musa ya shiga Daura, mun san ubansa Nuhu, mun san kakansa Lukudi. Hawa uku sun cike kusan shekara ɗari. Saboda haka mai shekara sittin a yau, in ya iya jero sunayen kakanni shida ko bakwai, ya taɓa zamanin Abdu ko ya kusa. Sannan a ɗaure kowane suna da abin da kowa ya sani: wane sarki ke Magariya ko Zango lokacin, kafin zuwan Turawa ne ko bayansa, kafin yunwar Kakalaba ta 1914 ne ko bayanta. A tambayi tsofaffin mata, don su suka fi riƙe wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya. A duba gafakar malamai, wani lokaci akwai takardar ajami da ta rubuta haihuwa ko rabon gado. A lura da tsagar fuska ta tsofaffi, da kirarin gida, da sunan unguwa, da kufai, da tsohuwar rijiya, da kukar da aka ce kaka ya sauka gindinta. In bakin mutum biyu da ba su haɗa baki ba ya zo ɗaya, a riƙe. In ya saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

Abu ɗaya za mu ja kunne a kai. Tarihin nan ba na tono tsohuwar gaba ba ne. Jikokin waɗanda suka bi Abdu da jikokin waɗanda suka bi Malam Isiyaku sun daɗe da zama surukai, sahu ɗaya suke bi a masallaci, kasuwa ɗaya suke ci. Kuma ba kowane gida ne jinin sarauta ba. Maƙera da mahauta da masaƙa da manoma da bayin da suka ɗauki kaya a ka, su suka sari dajin da hannunsu, kuma sunansu ya cancanci a rubuta kamar na kowa.

Mun ga abin da rufe iyaka ya yi mana a 2019, mun sake gani a 2023: biki ya wuce babu dangin ƙetare, gaisuwar mutuwa ta koma ta waya. Yaran da ake haifa a Kano ko Tamanrasset, wasunsu ba su san sunan kakan ubansu ba. Don haka muna roƙon 'yan uwa na nesa, in kun kira gida, bayan gaisuwa da maganar aike, ku ce a miƙa wa tsoho ko tsohuwa wayar. Ku tambaye su sunaye, ku naɗi muryar, ku rubuta a littafi. Na gida kuma, wanda ke da jerin kakanninsa ko tsohuwar takarda, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, mu karanta wa jama'a.

Allah ya jiƙan Sarkin Gwari Abdu da duk waɗanda suka sari dajin da muke ci a yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.