TARIHIN DAKTA BARUCH BLUMBERG, WANDA YA GANO ƘWAYAR CIWON HANTA

A allonmu na wannan mako na kawo muku tarihin wani likita da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali allurar da ya ƙirƙiro tana jikin da yawa daga cikinmu tun muna jarirai.

An haifi Baruch Blumberg a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 28 ga watan Yuli, 1925. Ya yi aikin sojan ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya karanta likitanci a Jami'ar Kolombiya, ya gama a 1951. Tun yana ɗalibi ya je aiki wani asibiti a ƙasar Surinam. A can ya lura cewa mutane suna zaune a gari ɗaya, sauro ɗaya ke cizonsu, amma wasu su kamu da tundurmi, wasu kuma ko gezau. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Me ya sa cuta take kama wani ta bar wani?

Don neman amsa sai ya shiga tara jinin mutane daga ƙasashe daban-daban yana gwadawa. A 1957, lokacin yana Jami'ar Oksfod ta Ingila, shi da abokin aikinsa Anthony Allison sun zo nan Nijeriya, suka ɗebi jinin jama'a, har da Fulani makiyaya da dabbobinsu. Ke nan ƙasarmu ma tana cikin farkon wannan bincike.

A farkon shekarun 1960 ya ga wani baƙon abu a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostireliya. Da farko bai san ko mene ne ba. Ya yi ta bibiya, har wata ma'aikaciyar ɗakin bincikensa ta kamu da ciwon hanta, aka gwada jininta aka ga abin ya bayyana, alhali a da babu. A 1967 ya bayyana cewa abin yana da alaƙa da ciwon hanta nau'in B. Daga nan asibitoci suka fara gwada jini kafin a ƙara wa marar lafiya. A 1969 shi da Irving Millman suka gano hanyar haɗa allurar riga-kafi. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976.

To ina ruwan wannan ƙwaya da kansa? Hanta aba ce mai ban mamaki, domin ko an yanke wani ɓangarenta tana sake tofowa. Idan ƙwayar cutar ta zauna a jiki shekara da shekaru, tana ta lalata hanta, hanta kuma tana ta gyara kanta da sababbin ƙwayoyin halitta. Garin yawan gyara sai a samu kuskure, wasu ƙwayoyin su yi ta hayayyafa babu tsayawa. Wannan shi ne kansar hanta. Masana na yanzu suna binciken wasu ƙwayoyi da ake kira uwayen ƙwayoyin halitta, waɗanda su ne ke haifar da sauran. Suna ganin ita ma kansa tana da irin nata uwayen, masu jure magani, shi ya sa takan dawo bayan an yi jinya. Kamar mai noma ne ya sare ciyawa ya bar saiwa.

Blumberg ya tabbata cewa idan aka hana ƙwayar shiga jiki, za a rage kansar. Haka kuwa aka yi. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kuma kansar hanta ta ragu ƙwarai a tsakanin yaranta. Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara a 2004.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA. Ya rasu ranar 5 ga Afrilu, 2011, yana da shekara 85. Saboda shi ne aka ware ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ta zama ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya.

'Yan uwana, wannan cuta tana nan a garuruwanmu, kuma mutum kan daɗe da ita bai sani ba. Tana bin jini, kuma uwa kan ba jaririnta wajen haihuwa. Don haka kada mu yi tarayya a reza, ko allura, ko buroshin goge baki. Idan za a yi aski, ko kaciya, ko ƙaho, a nemi wanzami ya yi amfani da sabuwar reza ko askar da aka dafa. Mu guji gyaɗa da masara masu funfuna, domin gubarsu ma tana kawo kansar hanta. Idan aka yi haihuwa a gidanku, ko a Gusau ne, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ku tuna wa iyaye a kai jariri asibiti a yi masa allurar farko tun ranar da aka haife shi, a kuma cika sauran. Kyauta ake yi a asibitin gwamnati. Manya kuma su je a gwada jininsu.

Allah ya kare mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta