Mango Fak da Ƙaramar Gansakuka

An haifi Mango Fak a ƙasar Sikotilan a shekarar 1771. Mahaifinsa manomi ne. Ya yi karatun likita a birnin Edimbara, amma yana son tsirrai. Mijin yayarsa, Jamis Dikson, mai sayar da irin shuka ne a Landan, kuma gwani ne wajen sanin gansakuka. Wurinsa Fak ya ƙara koyon duban ganye da kyau.

A zamanin nan Turawa sun ji labarin kogin Kwara, amma ba su san inda ya nufa ba. Mutanen bakin kogin kuwa sun daɗe suna kamun kifi da fatauci a kansa. A shekarar 1795 wata ƙungiya ta Landan ta aiko Fak ya gano musu. Ya sauka a Gambiya, ya kama hanyar gabas a kan doki. Wani sarki ya tsare shi wata huɗu, sannan ya kuɓuta. A watan Yuli na 1796 ya iso Segu, a ƙasar Mali ta yau. Nan ya ga kogin, ruwansa yana tafiya gabas.

Da ya juyo, ga damina, ga zazzaɓi, ga yunwa. Ran nan a cikin daji sai ƴan fashi suka tare shi. Suka ƙwace dokinsa da kayansa, suka bar masa riga da wando da malafa. Ya zauna a ƙasa, ya fid da rai.

Yana nan zaune sai idonsa ya faɗa kan wata ƴar gansakuka. Duk girmanta bai wuce kan yatsa ba. Ya dube ta da kyau, ya ga ganyenta da ƴan kwansonta, kome a tsare. Sai ya yi tunani: wanda ya rayar da wannan ƴar tsiro a dawa ba zai manta da ɗan Adam ba. Ya miƙe, ya ci gaba da tafiya har ya isa wani gari. Daga baya wani fatake mai suna Karfa Taura ya yi jinyarsa wata bakwai a Kamaliya.

Fak ya koma gida a 1797, da gansakukar a cikin tsirran da ya adana. Masana suka duba ta da gilashin ƙara girma, suka sa ta a dangin da ake kira Fisidens. Yaya aka gane ta? Gansakuka ba ta fure, ba ta ƴaƴa. Tana da ɗan kwanso a kan siririn sili, cike da ƙura mai laushi wadda iska ke ɗauka ta tsira a wani wuri. Don haka ana duban abu biyu, ganye da kwanso. Ganyen Fisidens jere yake sahu biyu, dama da hagu, kamar gashin tsuntsu. A bakin kwanson akwai ƙananan haƙora, kowane a tsage biyu. Ma'anar sunan ke nan da Latin: tsagaggen haƙori.

A 1805 Fak ya dawo don ya bi kogin har ƙarshensa. Cuta ta kashe yawancin mutanensa tun kafin su shiga jirgi. A kan ruwa ya ƙi tsayawa ya nemi izinin sarakuna, har ya riƙa harbin masu tare shi. Ya wuce Yawuri, amma a 1806 jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, ruwa ya ci shi. Sai a 1830 ƴan'uwa biyu, su Landa, suka bi Kwara har teku.

Ruwan ƙasar Tinyer ma can yake zuwa. Kogin Faro yana shiga Binuwai a yamma da Garwa, Binuwai kuma ta haɗu da Kwara a Lakwaja. A dazuzzukan tsaunin Cabbal Mbabo, inda akwai inuwa da laima, gansakuka na rufe duwatsu da jikin itatuwa. Mai son gane irinta sai ya durƙusa ya dubi jerin ganyenta.

Tambayoyi
1. Wane ne ya koya wa Fak duban tsirrai?
2. Me ƴan fashi suka bar masa?
3. Faɗi abu biyu da ake duba a gane Fisidens.
4. A ina Binuwai ta haɗu da Kwara?