Babe Ruth: Telan Da Ya Cika Filin Wasa Da 'Yan Kallo

A yau za mu yi doguwar tafiya daga bakin kogin Binuwai zuwa ƙasar Amurka, domin mu kawo muku tarihin wani ɗan wasa da ya mutu tun shekarar 1948, wanda har yanzu ake ambatonsa a duk lokacin da aka tayar da maganar abin da ke jawo ɗan kallo da kuma abin da ke korarsa. Sunansa George Herman Ruth, amma duniya ta fi saninsa da Babe Ruth.

Wataƙila wani ya ce ina ruwan mai rumfa a kasuwar Pitowa ko ta Mubi da wasan da bai taɓa gani ba. To, ai ɗan kallo da mai saye Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Mu tuna watan Janairun 2022, lokacin da Najeriya ta buga wasanninta na cin Kofin Afirka a filin Rumde Ajiya da ke nan Garwa, inda ta ci Masar 1-0, daga baya kuma Tunisiya ta fitar da ita. Jama'a sun yi ta kwararowa daga Yola da Mubi, cikinsu har da waɗanda ba su san dokar satar gida ba. Irin waɗannan 'yan kallo na sha'awa su ke cika fili, kuma su ke fara tashi idan wasa ya yi sanyi. A kansu ne Amurkawa suka daɗe suna muhawara dangane da wasansu na besbol, wanda mutane da yawa ke kukan cewa ya cika nawa.

Yadda ake wasan

Besbol wasa ne na mutum tara-tara. Mai jifa yana jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, mai duka kuma yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin maka ta. Idan ya doke ta sai ya ruga, ya bi tasha uku da aka jera a fili, kowace da tazarar kimanin mita 27, ya dawo inda ya taso, sannan a ba ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ya kuskure ƙwallo sau uku ya fita. Idan kuwa ya doke ta ta ƙetare katangar fili, to ba mai tare shi, zai zagaya tashoshin nan a tsanake tare da duk abokansa da ke jira a kansu. Ana yin turmi tara, kuma ba a ƙayyade wa wasan minti 90 kamar ƙwallon ƙafa ba, sai dai a yi ta yi har a kammala.

Yaron da ya gagari iyayensa

An haifi Ruth a ranar 6 ga Fabrairu, 1895, a birnin Baltimore. Mahaifinsa yana da gidan sayar da giya, kuma a cikin 'ya'ya takwas da aka haifa a gidan, shi da ƙanwarsa ɗaya ne kawai suka rayu suka girma. Yaron ya taso da ƙiriniya, ba ya zuwa makaranta, sai yawon titi. Da abin ya ishi iyayen, a shekarar 1902, yana ɗan shekara bakwai, sai suka kai shi makarantar horon kangararrun yara da marayu ta St. Mary's, wadda malaman cocin Katolika ke gudanarwa. A nan ya yi mafi yawan shekaru goma sha biyu da suka biyo baya.

A wannan makaranta ya koyi sana'ar ɗinkin riguna, har ya zama tela na sosai. A nan ne kuma wani malami mai suna Matthias, wanda ke kula da tarbiyyar yaran, ya ja shi a jiki, ya koya masa jifa da duka. Ruth bahago ne, kuma har ya mutu yana girmama wannan malami tamkar uba.

A farkon 1914 wani mai ƙungiya a Baltimore, Jack Dunn, ya ga jifarsa ya ɗauke shi a kan dala 600 na kakar wasa guda. Da yake bai kai shekarun da doka ta ba shi ikon kansa ba, Dunn ne ya zama waliyyinsa, shi ya sa sauran 'yan wasa suka riƙa tsokanarsa da sunan Babe, wato jinjiri. Kafin shekarar ta ƙare, matsin kuɗi ya sa Dunn ya sayar da shi ga ƙungiyar Red Sox ta birnin Boston.

Zamanin wasan lallaɓa

A Boston Ruth ya fara suna ne a matsayin mai jifa. Ya ci wasa 23 a 1916, ya ci 24 a 1917, kuma yana cikin ƙungiyar lokacin da ta ɗauki babban kofin ƙasar a 1915 da 1916 da 1918.

A wancan zamani wasan na lallaɓa ne da dabara. Ƙwallo ɗaya ake ta bugawa har ta yi laushi ta yi baƙi, masu jifa suna shafa mata yawu da ruwan taba don ta riƙa karkacewa. Saboda haka masu duka ba sa neman katanga, sai dai su ɗan taɓa ƙwallon su matsa tasha ɗaya, kamar mai tara riba sisi-sisi. Wani ɗan wasa mai suna Frank Baker, wanda ya yi fice wajen bugun ƙetare katanga, sau 12 kacal ya yi shi a shekarar da ya fi ƙoƙari, wato 1913. Gwanayen kallo suna jin daɗin wannan dabara, kamar yadda dattawa ke jin daɗin dara a gindin bishiya, amma baƙo ba ya ganin abin da zai riƙe shi.

Ruth kuwa idan ya ɗauki kulki da dukkan ƙarfinsa yake kai duka, ko ya samu ko ya rasa. Da ƙungiyar ta lura jama'a na ƙaruwa a ranar da zai yi duka, sai ta rage masa jifa. A 1919 ya ƙetare katanga sau 29, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan.

Cinikin da aka daɗe ana cizon yatsa

A nan ne 'yan kasuwa za su so su saurara da kyau. Mai ƙungiyar Boston, Harry Frazee, mutum ne mai harkar gidajen wasan kwaikwayo, yana da bashi a kansa, ga shi kuma Ruth yana neman ƙarin albashi. A watan Disambar 1919 sai ya sayar da shi ga ƙungiyar Yankees ta birnin Niyok a kan dala 100,000, aka kuma ba shi rancen dala 300,000 bisa jinginar filin wasansa. A lokacin ba a taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba, kuma a ido Frazee ya yi ciniki.

Amma ga yadda lissafi ya kasance. A 1919 mutum kimanin 619,000 ne suka biya kuɗi suka kalli Yankees a gida. A 1920, shekarar Ruth ta farko, adadin ya haura miliyan 1 da dubu 289, wanda shi ne karo na farko da wata ƙungiya ta wuce miliyan guda. A wannan shekara ya ƙetare katanga sau 54, fiye da abin da kowace ƙungiya a rukuninsu ta yi gaba ɗayanta, in ban da tasa. A 1921 ya yi 59, a 1927 ya yi 60. Cunkoson jama'a ya ba Yankees ƙarfin gina katafaren filinsu, wanda aka buɗe ranar 18 ga Afrilu, 1923, kuma a ranar ma sai da Ruth ya tsallakar da ƙwallo. Ita kuwa Boston, wadda ta sayar da kazar da ke mata ƙwai, ba ta sake ɗaukar kofi ba sai a 2004, bayan shekara 86.

Har ila yau, zuwan Ruth ya dace da lokacin da wasan ke cikin tsaka mai wuya. A 1920 asiri ya tonu cewa wasu 'yan wasan ƙungiyar White Sox ta Chicago sun karɓi kuɗi daga 'yan caca suka sayar da wasan ƙarshe na 1919, abin da ya sa aka kori mutum takwas har abada. A watan Agustan 1920 kuma ƙwallo ta sami wani ɗan wasa, Ray Chapman, a ka, ya mutu. Hukumomin wasan sun hana shafa wa ƙwallo yawu, sun kuma sa a riƙa sauya ta da zarar ta yi datti. Farar ƙwallo mai tauri ta fi ganuwa kuma ta fi tashi, don haka dokar ma ta taimaka wa Ruth da masu koyi da shi.

Halinsa da ƙarshensa

Ba za mu ɓoye cewa Ruth mutum ne mai son duniya ba. Ya shahara da ci da sha da yawon dare da ɓarnar kuɗi. A 1925 ya kwanta rashin lafiya har aka yi masa aiki, kuma a wannan shekara kocinsa Miller Huggins ya ci shi tarar dala 5,000 saboda rashin ɗa'a. A 1930 albashinsa ya kai dala 80,000 a shekara, fiye da na shugaban Amurka na lokacin, Herbert Hoover, mai dala 75,000. Abin da ya cece shi daga talauci shi ne wakilinsa Christy Walsh, wanda ya matsa masa ya riƙa ajiya, shi ya sa karyewar tattalin arziki ta 1929 ba ta durƙusar da shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, bai manta da asalinsa ba, domin ya yi suna wajen ziyartar gidajen marayu da yara marasa lafiya a asibiti.

Ya bar wasa a 1935 bayan ya ƙetare katanga sau 714, ya kuma fita ta hanyar kuskure uku sau 1,330. Babban burinsa shi ne a ba shi riƙon babbar ƙungiya, amma masu ƙungiyoyi suka ƙi, saboda suna ganin wanda bai iya riƙe kansa ba ba zai riƙe wasu ba. Wannan abu ya ci masa rai har ƙarshen rayuwarsa. Ya mutu ranar 16 ga Agusta, 1948, yana da shekara 53, sakamakon ciwon daji a maƙogwaro, kuma dubun dubatar mutane suka yi layi kwana biyu a filin Yankees don ganin gawarsa.

Ya kamata mu ƙara da cewa a duk zamanin Ruth an hana baƙaƙen fata shiga manyan ƙungiyoyi, sai a 1947 Jackie Robinson ya karya wannan shinge. Kuma baƙar fata ne, Hank Aaron, ya wuce adadin nan na 714 a shekarar 1974.

Shin nawa ce ke korar 'yan kallo?

Abin lura a nan shi ne, Ruth bai rage wa wasan ko minti ɗaya ba. A zamaninsa wasa bai cika kai awa biyu ba, har ma akwai wanda aka gama cikin minti 51 a Niyok a watan Satumbar 1919. Abin da ya kawo shi ne dalilin jira. Mutumin da bai san doka ko ɗaya ba ya san cewa nan da ɗan lokaci ƙaton nan zai ɗauki kulki, kuma komai na iya faruwa. Haka abin yake a fagen dambe, inda 'yan dambe biyu za su daɗe suna zagaya juna ba wanda ya kai hannu, amma ba mai tashi, domin kowa ya san kisa na iya zuwa a ƙiftawar ido.

Bayan Ruth, sannu a hankali wasan ya yi ta tsawo. Tallace-tallacen talabijin suka shiga tsakanin turmi da turmi, ana yawan sauya masu jifa, mai duka yana fita yana gyara safar hannu kafin kowace jifa. Bugu da ƙari, kowa ya koma neman katanga irin na Ruth, sai kuskure ya yawaita, gudu tsakanin tashoshi ya ragu. A 2013 jaridar Wall Street Journal ta auna ta ga cewa ainihin motsin da ke cikin wasa guda bai wuce minti 18 ba. Zuwa 2021 matsakaicin wasa ya kai awa 3 da minti 10. 'Yan kallo da suka kai miliyan 79 da rabi a 2007 suka sauko zuwa miliyan 64 da rabi a 2022, ko da yake tsadar tikiti da annobar korona su ma suna da nasu kason.

A 2023 hukumar wasan ta kafa agogo a fili, aka ba mai jifa daƙiƙa 15 ya saki ƙwallo, ko 20 idan akwai mai jira a tasha. Nan take matsakaicin wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 zuwa awa 2 da minti 40, kuma 'yan kallo suka haura miliyan 70 a wannan shekara. Ba a rage turmi ko ɗaya ba, zaman banza kawai aka yanke.

Mu a nan mun san wannan a kasuwa. Mai saye zai yi rabin yini a kasuwar shanu ta Adumri ana tayi ana albarka bai gaji ba, saboda yana ganin ciniki na matsowa. Amma a bar shi tsaye a bakin rumfa minti biyar, yaron shago yana danna waya bai ko dube shi ba, sai a neme shi a rasa. Tsohon abokin ciniki zai yi haƙuri, baƙo kuwa ba zai yi ba, kuma da baƙi kasuwa ke ci. Sannan duk wanda bashi ya matsa wa har yake tunanin rabuwa da hajar da ke kawo masa jama'a, ko yaron da masu saye ke zuwa dominsa, to ya tuna da Harry Frazee kafin ya ce ya sallama.