Tarihin Likita John Charnley, Bature Mai Gyaran Ƙugu

An haifi John Charnley ran 29 ga Agusta, 1911, a Bury, wani gari na masaƙu kusa da Manchesta a Ingila. Ya gama karatun likita a 1935. Da aka shiga Yaƙin Hitila sai aka kai shi Masar, ya riƙe wani shago na ƙera wa sojojin da suka karye kayan ɗori. Can ya saba da maƙera da injuna, har bayan ya komo gida bai rabu da su ba. Malaman da ke ganin darasin aikin hannu na daƙiƙan aji ne, to, ga wanda ya haɗa biyun.

Duk wanda ya ga turmin kirya irin wanda ake sassaƙawa a dajin Birnin Gwari ya ga misalin gaɓar ƙugu. Kan ƙashin cinya shi ne taɓarya, kwarmin da yake juyawa a ciki shi ne turmi. In sanyin ƙashi ya cinye su, mutum ba shi da tafiya, ba shi da barci. Shawarar Charnley ita ce a yanke kan ƙashin a sa na ƙarfe, a kuma dasa wani ƙoƙo cikin kwarmin. Ya kafe ƙarfen da wani siminti da ya samo wajen likitocin haƙori, ya kuma ƙanƙanta kansa zuwa milimita 22, don gogayya ta ragu, kada ta riƙa girgiza ƙoƙon.

A asibitin Wrightington, daga wajen 1958, ya fara da ƙoƙon wata roba mai santsi, Teflon. Da fari abin gwanin sha'awa, guragu suka miƙe. Amma ba a jima ba robar ta zaizaye, garinta ya ɓata nama da ƙashi. Mutum wajen 300 aka sa wa, ya zama tilas a sake buɗe da yawansu. Charnley bai ɓoye ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Har ma ya sa garin robar nan ƙarƙashin fatar cinyarsa don ya ga ɓarnar da idonsa. A ganina nan ne girmansa yake, fiye da lambobin da ya samu daga baya.

A 1962 wani ɗan kasuwa ya kawo tallan wata roba ta Jamus da ake yi wa injunan saƙa haƙora da ita. Charnley ya raina ta, amma ma'aikacinsa Harry Craven ya gwada ta a inji, aka ga ta fi Teflon ƙarƙo nesa ba kusa ba. A watan Nuwamba na shekarar aka dasa ƙoƙo na farko da ita.

To, sauran magana ɗaya: shekara nawa ƙoƙon zai yi bai yi lako-lako ba? Ya bi majiyyatansa da hoton ƙashi shekara da shekaru, ya kuma roƙi waɗansu su yi wasiyya a mayar masa da gaɓar bayan mutuwarsu, ya duba. A 1976 shi da Likita DeLee suka raba kewayen ƙoƙon kashi uku, don a auna baƙin layin da kan fito tsakanin siminti da ƙashi, wanda in ya kewaye ƙoƙon duka, alama ce ta sassautawa. Har yanzu da wannan ma'auni ake aiki. An gane ƙarfen cinya yakan zauna daram, ƙoƙon ne ke kwancewa, galibi bayan shekara goma, domin sabuwar robar ma tana zub da gari kaɗan kaɗan, jiki ya tashi yaƙarsa, sai ya ci ƙashin da ke riƙe da siminti. Saboda haka ba ya son yi wa matasa aikin, gama su suka fi motsi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don a ƙasarmu yawancin waɗanda amosanin jini ke kashe wa kan ƙashin cinya, har a kai su asibitin ƙashi na Dala a Kano, samari ne da 'yan mata. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka samu robar da aka ƙarfafa, wadda zaizayarta ta ragu ainun.

Shi bai ga wannan ba. Sarauniya ta ba shi lambar Sa a 1977, ya rasu ran 5 ga Agusta, 1982, yana da shekara 70.